Hancin Iniyas: Tarke a Kan Hotunan Waƙoƙin Jarumta

Akwai wata magana da muka saba ji a bakin masu buga littattafai, wai hoto ado ne kurum, ana sa shi don ya jawo hankalin yara su yi karatu. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. A nawa ganin, duk wanda ya zana hoto ya sa a cikin littafin waƙa, to ya yi wa waƙar nan fassara, kuma fassararsa ta fi ta malamin aji ƙarfi, domin ita ce ke shiga ido tun kafin a karanta baiti ko ɗaya. Zan kafa hujja da waɗansu hotuna da aka buga a Landan fiye da shekara 300 da suka wuce, sa'an nan in dawo gida, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Bari in fara da waƙoƙin, saboda 'yan'uwa ɗalibai waɗanda ba su ci karo da su ba. Turawa suna da dogayen waƙoƙin jarumta guda uku da suke ji da su. Biyu na Girkanci ne, Iliyad da Odisi, waɗanda ake danganawa ga Homa. Ta uku da Latinanci take, watau Iniyad, wadda Birjil ya tsara a zamanin Kaisar Ogastas, ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa bai gama gyara ta ba. Babi 12 gare ta. Labarin wani basarake ne, Iniyas, wanda ya tsere daga birnin Tiroyi ranar da aka ci shi da yaƙi, ya yi ta yawo a teku, ya sauka a Kartaj (ƙasar Tunisiya ta yau) wurin sarauniya Dido, ya bar ta, ya isa Italiya, ya yi yaƙi, aka ba shi 'yar sarki, daga zuriyarsa kuma sarautar Rum ta fito. Duk wanda ya tashi a kan hanyar Kazaure zuwa Daura, kamar mu mutanen Achilafiya, da jin wannan zai ce ai ya san labarin. Baƙo ne daga gabas, ya baro garinsu ba da son ransa ba, ya bar mace a hanya kamar yadda Bayajida ya bar tasa a Garun Gabas, ya zo ya yi bajinta, ya auri mai gari, jikokinsa suka yi sarauta. Ban ce wani ya ara daga wani ba. Abin da nake so a riƙe shi ne, irin wannan labari tun asali na fada ne, kuma masu mulki suna da ido a kansa.

Su kuwa hotunan, ga yadda ake yin su. Mai zane zai fara zana abin a takarda. Sa'an nan mai sassaƙa ya ɗauki farantin jan ƙarfe da aka goge sumul, ya bi shi da wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki yana yanka layuka, kamar dai yadda mai zanen ƙwarya ke yi. Waɗansu kuma sukan shafe farantin da kakin zuma, su karce zanen da allura, su zuba ruwa mai cin ƙarfe ya ci inda aka karce. In an gama, sai a shafa tawada a goge, ta rage a cikin ramukan kaɗai, a ɗora takarda mai laima a danne da inji. Hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu, kamar hatimin sarki. Babu launi ko kaɗan. Duhu da haske duk da yawan layuka da giccinsu ake samar da su. Abu guda kuma da nake roƙon mai karatu ya ajiye a ransa: shi farantin nan ana iya kankare wani gefe nasa, a bubbuge shi ta baya ya daidaita, a sake sassaƙa wani abu dabam a wurin. Salon zanen da ya yi tashe a Turai a ƙarni na 17 shi ake kira Barok, kuma in da za a kwatanta shi da adabinmu, sai a ce kambamawa ce zalla. Ba a ganin mutum a tsaye cik. Ko dai ya karkace, ko ya ɗaga hannu, mayafinsa na kaɗawa ko da babu iska, gizagizai sun yi curi-curi, dawaki duk sun yi tsaye da ƙafa biyu.

A shekarar 1654 wani mutumin Sikotilan mai suna John Ogilby ya buga fassararsa ta waƙoƙin Birjil zuwa Ingilishi, a cikin wani ƙaton littafi da tsawonsa ya kusa kamu guda, da hotuna wajen 100 masu cika shafi. (Shi Ogilby ɗin da can malamin rawa ne, ya gurɗe ya gurgunce, sai ya koma harkar littattafai.) Wanda ya zana hotunan shi ne Francis Cleyn, Bajamushe daga Rostock, wanda aikinsa na yau da kullum shi ne tsara zanen manyan dardumomin bango a masaƙar Mortlake. Cikin waɗanda suka sassaƙa akwai Wenceslaus Hollar, mutumin birnin Firag, da Pierre Lombart Bafaranshe. Da kasuwa ta yi kyau, Ogilby ya ƙara da Iliyad a 1660 da Odisi a 1665, su ma da hotuna.

Kafin in ɗaga sanda, dole in ba su haƙƙinsu. Inda waƙar ta cika da hayaniya, hotunan nan sun yi abin a yaba. Guguwar teku a babi na ɗaya, gobarar Tiroyi a babi na biyu, artabun dawaki a babobin ƙarshe, duk waɗannan wurare ne da mawaƙi kansa yake tara abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma ido ya fi kunne iya ɗaukar taro. Mutum ya dubi yadda aka fito da hayaƙi da harshen wuta da baƙin layi kawai, ya san an sha wuya. Ba kuma a banza suka sha ta ba, domin mashahurin mawaƙin Ingila Alexander Pope ya faɗa cewa Homan Ogilby, wanda ya samu yana yaro ɗan wajen shekara 8, shi ya fara sa masa son waƙa, daga baya kuma shi da kansa ya fassara Iliyad. Saboda haka masu cewa hoto na jawo yara ba ƙarya suka yi ba. Gaskiyar tasu ce ba ta kai ƙarshe ba.

Aibi na farko na lokaci ne. Ita waƙa tafiya take yi, baiti na bin baiti, shi kuwa hoto tsayawa yake yi wuri ɗaya. Wani masani Bajamushe, Lessing, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan bambanci a 1766. Mu ɗauki ƙarshen Iniyad. Iniyas ya ka da abokin gabarsa Turnus, ya ji masa rauni a cinya. Turnus ya miƙa hannu, ya amsa an fi ƙarfinsa, ya roƙi a tausaya wa tsohon ubansa. Iniyas ya dakata, hannunsa ya yi sanyi, har maganar ta fara shigarsa. Sai idonsa ya faɗa kan wata ɗamara da ke kafaɗar Turnus, ta wani saurayi ce mai suna Palas wanda aka ba Iniyas amana, Turnus ya kashe shi ya tuɓe masa. Nan take zuciya ta ɗebe shi, ya soke shi, waƙar ta ƙare a nan, ba biki ba naɗi. To, jama'a, duk nauyin waƙar yana cikin wannan juyi ne, daga tausayi zuwa hasala. Mai sassaƙa fa? Faranti ɗaya gare shi. In ya ɗauki lokacin da hannu ya tsaya, ya ba mu sarki mai jinƙai. In ya ɗauki lokacin da takobi ya shiga, ya ba mu mai nasara ko kuma makashi, ya danganta ga yadda ya tsara fuskar. Ko wanne ya zaɓa, ya yanke hukuncin da Birjil da gangan ya bar wa mai sauraro. Wannan kuwa ya wuce ado.

Aibi na biyu na fuska ne, kuma shi ya fi damuna. Homa bai tsaya ya ƙirga mana hanci da ido da haƙoran Helen ba, matar da aka yi shekara 10 ana yaƙi dominta. Abin da ya yi shi ne, ya sa ta wuce ta gaban waɗansu dattawa a kan ganuwa, su kuma suka ce wa juna lalle ba abin zargi ba ne a sha wahala saboda irin wannan mace. Daga nan kowane mai sauraro sai ya ƙera tasa Helen. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan dabara, don ita ce kirari. In maroƙi ya kira jarumi giwa, ko guguwa, ko dutse, bai gaya maka tsawonsa ko launinsa ba, amma ka ji tsigar jikinka ta tashi. Ka ba mai zane wannan, in ya zana giwa ya yi wauta, in ya zana mutum ya zubar da kirarin. Ko a waƙar Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗanhilinge, dokin da ke cikin kan kowane mai sauraro ya fi duk wanda za a iya zanawa gudu. Cleyn bai taɓa ganin Tiroyi ba, ba kuma wanda ya san inda kufanta yake a tabbace sai bayan haƙe-haƙen shekarun 1870. Don haka sai ya tufatar da jaruman Homa da na Birjil duka da sulken sojan Rum da kwalkwali mai gashin tsuntsu, ya tsayar da su a gaban gine-gine irin na Italiya, ya ba su jiki irin na gumakan da masu zane ke koyo da su. Mutum ya yi ta buɗe shafuka, da ƙyar zai bambanta wannan jarumi da wancan in ba ya karanta rubutun ƙasa ba.

Shi rubutun ƙasan nan kuwa, a nan gizo yake saƙar. A ƙarƙashin kowane hoto akwai baitocin da ya shafa, sa'an nan a tsakiya ga tambarin gidan wani mai kuɗi ko mai sarauta, da sunansa da laƙabinsa. Wannan shi ne wanda ya biya kuɗin farantin. Ashe ke nan Ogilby roƙo yake yi, irin wanda muka sani. Yadda makaɗi zai tsaya a tsakiyar waƙar sarki ya ce wane ya ba ni doki, wane ya ba ni riga, haka kowane shafi yake ambaton mai kyauta. Da yawa daga cikinsu kuma magoya bayan gidan sarautar Ingila ne, a lokacin da aka riga aka fille wa Sarki Charles na ɗaya kai a 1649, ɗansa kuma yana gudun hijira. Ka ga labarin basaraken da ya rasa garinsa yake yawo kafin ya sami mulki ya faɗo musu daidai. Ban ga laifin roƙo ba, sana'a ce, kuma da ita aka raya yawancin adabin duniya. Bambancin dai, makaɗinmu yana yi a fili kowa na ji, na littafi kuwa mai karatu yakan ɗauka hoton gaskiyar waƙar ce.

Ga inda abin ya fito fili. A 1697 mai buga littattafai Jacob Tonson ya fito da sabuwar fassarar Birjil ta John Dryden, babban mawaƙin Ingila na zamanin. Bai sa an yi sababbin hotuna ba. Tsofaffin farantan Ogilby ya samo, masu shekara 43, aka kankare tamburan mutanen da, aka sassaƙa na sababbin masu biya su 101, kowanne ya ba da gini 5, watau tsabar zinariya biyar. Hoto bai sāke ba, mai shi ya sāke, kamar makaɗin da ya cire sunan sarkin da aka tuɓe ya sa na sabo a waƙa ɗaya. To, Tonson yana so a sadaukar da littafin ga Sarki William na uku. Dryden kuwa ya ƙi, domin shi mutumin sarkin da aka kora ne, James na biyu, har ma ya rasa muƙaminsa na mawaƙin fada bayan juyin 1688 saboda ƙin yin mubaya'a. Da Tonson ya ga ba ya iya taɓa baitocin, sai ya bi ta bayan gida. Shi William yana da dogon hanci mai lanƙwasa kamar bakin shaho, wanda kowa ya san shi da shi. Sai aka sa mai sassaƙa ya bi farantan yana gyara hancin Iniyas ya koma irin na sarki. Dryden da kansa ya koka da wannan a wasiƙar da ya rubuta wa 'ya'yansa a wannan shekarar. Mawaƙi ya ƙi yabon sarki da baki, an sa littafinsa ya yabe shi da hanci. Duk wanda ya ce mini hoto ado ne, wannan hanci nake nuna masa.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu ya fara tun daga shi Ogilby ɗin. Bayan gobarar Landan ta 1666 ta cinye masa kaya, sai ya koma buga littattafan labarin ƙasa, kuma a 1670 ya fito da wani mai suna Afirka, wanda yawancinsa fassara ce ta littafin Olfert Dapper na Holan da ya fito a 1668. A ciki akwai ambaton Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, an ɗebo daga bayanin Leo Africanus. Shi Dapper bai taɓa taka Afirka ba, haka ma masu sassaƙa hotunansa a Amsterdam. Da idon da aka ƙaga Tiroyi, da shi aka ƙaga nahiyarmu. Daga baya abin ya ɗan yi dama-dama. Littafin Denham da Clapperton na 1826 yana da hoton barden Shehun Borno da na mai lifidin Bagarmi, waɗanda Edward Finden ya sassaƙa a Landan daga zanen wanda ya gani da idonsa, kuma duk wanda ya taɓa kallon 'yan lifida a hawan salla zai gane kayan. Amma shahararren hoton Kano daga kan Dala da ke cikin littafin Barth, wanda ya zo Kano a 1851, wani Bernatz ne ya ƙawata shi a Jamus daga ɗan zanen da Barth ya kai masa, shi kuwa Habasha ya sani, bai san Kano ba.

Ba Turawa kaɗai ba. Iyayenmu sun sayi hotunan kasuwa da ake bugowa daga Masar da Indiya: Sayyadi Ali da takobinsa Zulfiƙari mai baki biyu, da Buraƙa mai fuskar mace da kambi da wutsiyar ɗawisu. Ingantattun hadisai sun siffanta ta ne da farar dabba, ta fi jaki ba ta kai alfadari ba, babu maganar fuskar mace. Amma je ka tambayi wanda ya tashi yana ganin hoton nan a bangon ɗakin kakarsa, ka ji wadda zai kwatanta maka. Hoto ya rinjayi nassi, kuma ina jin wannan na cikin abin da ya sa malamanmu ba su taɓa sakin jiki da shi ba. Haka Amina ta Zazzau. Abin da Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri suka faɗa a kanta bai wuce 'yan layuka ba, amma tun da aka sa ta a kan sarki a 1975 ta sami fuska, yanzu ko ɗan firamare ya san kamanninta. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, kafin a ƙago kyamara, duk da haka akwai hoton da ake yawo da shi wai nasa ne. Yau kuma inji ne ke zana su a waya cikin daƙiƙa, ya fito da Bayajida da ƙirji a buɗe da gemu a gyare kamar jarumin fim ɗin Indiya. Inji ba shi da sarkin da yake wa fadanci, amma hancin da ya fi gani a hotunan da aka ciyar da shi, shi yake liƙa wa kowa.

Littattafanmu na jarumta ma suna da tasu matsalar. Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinsa waƙoƙin Rasha ne na Iliya Muromets. Kib ita ce Kiyef, Waldima kuma Biladimir. Marubucin ya yi aiki ƙwarai har ya mai da shi namu, ta yadda yaro na karantawa yana ganin Kwalele da sirdi da likkafa irin na dokin hakimin garinsu. Mai zanen da zai taɓa wannan littafi, ko ya sani ko bai sani ba, zai yanke shari'a: Iliya Bahaushe ne ko Barashe? Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934, ya fi wuya. Rabinsa tarihi ne, da Kwantagora da Nagwamatse da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta ƙare a Burmi a 1903, rabinsa kuma ƙasar aljannu ce. Daɗin littafin shi ne bakin da ya ba da labarin bindigar Nasara shi ne ya ba da na aljannu, da murya ɗaya, mai karatu kuma ya rasa inda gaskiya ta tsaya cika baki ya fara. In aka zana duka biyu da hannu ɗaya an gaskata tsohon, in aka bambanta su an ƙaryata shi.

Mu zo ƙofar gida. A ce gobe wannan ƙungiya tamu ta tattara waƙoƙi da kirarin da ake yi wa Ɗantunku, wanda ya kafa Kazaure, za ta buga da hoto a bango. Kayan aiki ba za su yi wuya ba, don lifidi da sulke da kwalkwali da mashi suna nan suna fitowa kowace salla, duwatsun Kazaure da Roni kuma ba su gusa ba. Wuyar tana wajen zaɓen lokaci. Mutumin nan ya taimaki masu jihadi a yaƙin da ya kawar da Sarkin Kano Alwali. Shi ne kuma ya ƙi bin Ibrahim Dabo da aka naɗa a 1819, suka yi shekaru suna fafatawa, har Clapperton da ya iso Kano a farkon 1824 ya tarar ana cikin wannan rikici ya rubuta shi, kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya bar Kazaure da cin gashin kanta. A bakin marubutan fadar Kano ɗan tawaye ne. A bakinmu uban ƙasa ne. Bango ɗaya littafin yake da shi, kuma kafin mai zane ya fere fensirinsa zai tambayi sakataren kuɗi ko daga Kano gudummawar bugun ta zo ko daga Kazaure.